Bi Yarima a Sha Kiɗa: Illar Ƙidayar Gaban Ido a Zaɓen Ƙungiyoyinmu

Tun daga watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin WhatsApp ya ƙara wa manhajarsa hanyar jin ra'ayin jama'a, wata sabuwar al'ada ta kutso cikin ƙungiyoyinmu ba tare da sallama ba. Ƙungiyoyin ƴan asalin gari, na tsofaffin ɗalibai, na masu wasan kwaikwayo da marubuta, har da wasu rassan ƙungiyoyin malamai, idan wa'adin biro ya cika, maimakon a kira babban taro a ajiye akwati, sai magatakarda ya jera sunayen ƴan takara a zauren waya, ya ce kowa ya dangwala wa nasa. Da zarar mutum ya dangwala, adadi ya motsa a gaban idon kowa: wane yana da 12, wane yana da 3. Wanda ma bai jefa tasa ba yana gani, kuma idan ya so sai ya latsa ya karanta sunayen waɗanda suka zaɓi kowane ɗan takara, ɗaya bayan ɗaya. Masu wannan tsari suna kiransa ci gaba, suna kiransa gaskiya a fili. Ni kuwa abin da nake son in tabbatar wa mai karatu shi ne, zaɓen da ake kallon ƙidayarsa tun ana cikin jefa ƙuri'a ya daina auna ra'ayin ƙungiya. Abin da yake aunawa shi ne wa ya riga wa buɗe waya, kuma wa ake jin nauyi.

Kada wani ya ce ƙaramin al'amari ne. Biron ƙungiya shi ke riƙe asusun da talakawa suka tara dala-dala, shi ke yanke ko za a rufe aji ko za a gyara rijiya, shi ke magana da sunan gari a gaban hukuma. Bayan wannan akwai wani nauyi da zamani ya ɗora masa. Zaɓen ƙasa na ƙarshe da aka yi a Nijar shi ne na ranar 21 ga Fabrairu 2021. An rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024, an rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris na 2025. Ke nan yaron da ya cika shekara 18 bayan 2021 bai taɓa shiga rumfar zaɓe ba, kuma ƙuri'ar farko da zai jefa a rayuwarsa ta ƙungiya ce. Duk yadda muka koya masa ita, haka zai ɗauka zaɓe yake.

Wa ke riga wa jefawa?

Mu duba irin ƙungiyoyin ƴan asalin gari da muke da su a gundumar Gaya, ko na Bana ne, ko Bengu, ko Yelu, ko Tunuga. Membobinsu a warwatse suke: wasu a gida, wasu a Dosso da Yamai, wasu a Malanbil, Faraku da Kwatano, wasu a Kamba har zuwa Legas. Rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 2023 ya ƙara wa tafiya tsada da wahala, saboda haka ban ga laifin wanda ya nemi hanyar da na nesa zai sa baki ba. Amma mu tambayi kanmu: idan an buɗe zaɓe da hantsi, wa zai fara jefawa? Ma'aikacin ofis ne a Yamai, mai wuta da intanet, wanda wayarsa ke kan teburinsa. Manomin da ke cikin gonar rake a fadama sai bayan magariba zai duba tasa, idan ma akwai caji. Malamin lakwal na ƙauye sai ya hau tudu neman rezo. Matar da ke amfani da wayar mai gidanta sai ya dawo gida, kuma a gabansa za ta dangwala. Ƙuri'un farko ke nan ba daga ko'ina suke fitowa ba, daga ɓangare guda suke fitowa, ɓangaren birni da albashi.

Da akwati ne, wannan ba ya cutar da kowa, domin ƙuri'ar safe da ta yamma nauyinsu ɗaya. A zauren waya kuwa ƙuri'ar safe tana aiki biyu: tana ƙidayuwa, sannan tana yi wa na baya jagora. Mu ƙaddara ƙungiya mai mutum 120. A cikin awa ɗaya mutum 20 sun jefa, ɗan takara na farko ya sami 15, na biyu ya sami 5. Sauran mutum 100 ba za su ƙara ganin takara tsakanin mutum biyu masu daidaiton matsayi ba. Abin da za su tarar shi ne mai nasara da mai shan kaye, alhali kashi ɗaya cikin shida ne kawai suka yi magana.

Hanyoyin da adadi ke juya mutum

Na farko akwai mai shakka. A kowace ƙungiya akwai mutane da yawa da ba su san ƴan takara ciki da bai ba. Irin wannan mutum idan ya ga 15 da 5 sai ya ce a ransa, waɗannan da suka riga ni sun san abin da ban sani ba. Hankali ne ya kai shi can, ba wauta ba. Matsalar ita ce na bayansa zai ga 16 da 5, ya ɗauka mutum 16 ne suka yi nazari, alhali na 16 kwaikwayo ya yi. Haka adadi zai yi ta kumbura ba tare da wani sabon sani ya shigo ba. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha, ko da kuwa ruwan gurɓatacce ne.

Sai mai jin nauyi. Mu mutane ne masu kunya da kara, kuma wannan ado ne a gare mu a wajen zaman tare. To amma yaya ɗalibi zai sa sunansa a jerin masu adawa da malamin da ya koya masa karatu? Yaya suruki zai bar sunansa a gaban jama'a cewa bai zaɓi yayan matarsa ba? Yaya ɗan kasuwar da ke karɓar kaya bashi a hannun Alhaji zai dangwala wa abokin hamayyar Alhaji? Jerin sunayen kuma ba ya goguwa da rufe zaɓe. Yana nan a waya, ana ɗaukar hotonsa, ana tura wa wanda bai gani ba, ana tuna wa mutum da shi ranar da ya zo neman alfarma.

Sai mai karaya. Wanda ya buɗe waya da dare ya tarar nasa yana baya da nisa, sai ya ce me ƙuri'ata za ta ƙara, in banda ta jawo mini baƙin jini? Ya rufe wayarsa ya kwanta. Idan ƴan takara uku ne, magoya bayan na uku sukan watsar da shi tun da rana su koma wa ɗaya daga cikin biyun da ke gaba, ko da a ce da an ƙirga zukata shi ne mafi yawan jama'a suka fi amincewa da shi.

Daga ƙarshe akwai shi kansa ɗan takara, wanda aka miƙa wa makamin da ko gwamna ba ya da shi ranar zaɓe. Yana ganin wanda ya zaɓe shi, da wanda ya ƙi shi, da wanda bai jefa ba tukuna. Tun da kuma manhajar ta ba mutum damar janye ƙuri'arsa ya sauya, sai kiran waya ya fara: «Ƙanena, na ga sunanka a wancan gefe, ko kuskuren yatsa ne?» Wanda ke son sayen ƙuri'a a akwati yana biya ne a kan alkawari, bai san ko an cika masa ba. A nan yana biya yana kallon kayansa.

Abin da bincike ya nuna

Za a ce mini, mu manya ne, malamai ne, ba garken tumaki ba. To, mu ji abin da aka gwada. A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa tara ɗaliban jami'a yana nuna musu zane mai layuka, yana tambayar wane layi ne ya yi daidai da wani a tsawo. Tambaya ce da yaro zai amsa, kuma idan mutum yana shi kaɗai kuskurensa bai kai 1 cikin 100 ba. Amma an haɗa baki da sauran mutanen ɗakin su riga shi magana su ba da amsar ƙarya. Sakamakon shi ne, wajen kashi ɗaya cikin uku na amsoshin suka bi ƙaryar jama'a, kuma kimanin mutum uku cikin huɗu suka bi ta aƙalla sau ɗaya. Da aka ba mutum damar rubuta amsarsa a ɓoye, bin ya ragu ƙwarai. Idan haka ta faru a kan abin da ido ke gani ƙarara, a tsakanin mutanen da ba su san juna ba, ina ga zaɓen ma'aji a tsakanin dangi?

A 2006 wasu masana uku na jami'ar Kolumbiya, Salganik, Dodds da Watts, suka yi gwajin da ya fi kusa da maganarmu. Sun tara mutane fiye da 14,000 ta intanet, suka ba su waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba, kowa ya saurara ya ɗauki wadda ta yi masa. Rukuni ɗaya ba ya ganin zaɓin kowa. Sauran an raba su rukuni takwas, kowane rukuni yana ganin adadin mutanensa da suka ɗauki kowace waƙa. A inda ake ganin adadi, tazarar da ke tsakanin ta gaba da ta baya ta faɗaɗa, sannan waƙar da ta yi fice a wannan rukuni sai ta ɓace a tsakiyar jeri a wancan. Waƙoƙi mafiya kyau ba safai suka faɗi ƙasa warwas ba, mafiya muni ba safai suka hau sama ba, amma tsakanin nan da can komai na iya faruwa, gwargwadon abin da na farko suka taɓa. Ƴan takararmu kuwa galibi a wannan tsakiya suke, mutane ne masu kusancin cancanta.

Ga kuma misali daga zaɓe na gaske. Har zuwa zaɓen shugaban ƙasa na 2002, mutanen yankunan Faransa da ke nahiyar Amurka, irin su Gwadalup da Martinik, suna zaɓe ranar Lahadi kamar kowa. Amma idan ƙarfe 8 na dare ta yi a Paris aka bayyana wanda ke gaba, a can ƙarfe 2 ne na rana, rumfuna a buɗe. Daga zaɓen 2007 aka mayar da nasu ranar Asabar. Wannan sauyi ya ba Rebecca Morton da abokan aikinta damar kwatanta kafin da bayan, kuma a binciken da suka wallafa a 2015 sun gano cewa sanin sakamako ya rage masu fita zaɓe da kimanin mutum 11 cikin kowane 100, sannan waɗanda suka fita sun fi karkata ga wanda aka ce yana gaba. A Amurka ma, ranar 4 ga Nuwamba 1980, shugaba Jimmy Carter ya amsa shan kaye tun ba a rufe rumfuna a Kalifoniya ba, ƴan takarar jam'iyyarsa na yammacin ƙasar suka yi ta kukan cewa magoya bayansu sun fasa fita. Shi ya sa dokar Faransa ta hana bayyana sakamako kafin a rufe rumfa ta ƙarshe, da tarar da ta kai Yuro 75,000, wato sama da miliyan 49 na sefa. Indiya kuwa a 2024 ta yi zaɓe mataki bakwai daga 19 ga Afrilu zuwa 1 ga Yuni, amma ba ta ƙirga ko akwati ɗaya ba sai ranar 4 ga Yuni.

Muna cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma gaskiya ne, sai dai da sharaɗi. Masanin lissafin nan na Faransa, Condorcet, ya bayyana sharaɗin tun 1785. A ce kowane mutum yana dacewa da daidai sau 6 cikin 10. Idan mutum uku suka yanke hukunci, kowa da hankalinsa, rinjayensu zai dace wajen sau 65 cikin 100. Idan mutum 101 ne, kowa da hankalinsa, zai dace kusan sau 98 cikin 100. Amma idan mutum 98 sun bi bayan ukun farko, an koma 65, domin kawuna uku ne kawai suka yi aiki. Albarkar yawa tana cikin rarrabuwar tunani. Ƙidayar gaban ido ita ke kashe wannan albarka.

Tsohon layi a sabuwar riga

Wannan tsari da ake yi wa kirarin zamani tsoho ne tukuf. Romawa a babban taronsu na zaɓen manyan mahukunta sukan fitar da rukuni ɗaya ta hanyar ƙuri'ar sa'a ya fara jefawa, a shelanta abin da ya zaɓa kafin saura su jefa, kuma marubutansu, ciki har da Cicero, sun shaida yadda sauran rukunai ke bin sawunsa. A shekara ta 139 kafin haihuwar Annabi Isa suka kafa dokar jefa ƙuri'a a rubuce domin su raba talaka da idon mai gidansa. Ostireliya ta fara ƙuri'ar sirri irin ta yau a 1856, Ingila ta bi a 1872, Faransa ta kafa labulen da mai zaɓe ke shiga a 1913. Ba su yi haka don sun ƙi gaskiya a fili ba. Sun gaji ne da ganin mai ƙasa yana tsaye yana kallon yadda manomansa ke zaɓe.

A nahiyarmu ma an gwada. A Kenya, a 1988, zamanin Daniel arap Moi, jam'iyyar KANU ta yi zaɓen fitar da gwani ta hanyar layi: kowa ya tsaya bayan hoton wanda yake so, wanda ya sami kashi 70 cikin 100 ya wuce majalisa kai tsaye. Tsoro da maguɗin da aka gani sun sa jam'iyyar da kanta ta soke tsarin a ƙarshen 1990. Maƙwabtanmu na Kamba da Birnin Kabi sun san irinsa, domin a zamanin Janar Babangida, hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta yi zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 1990 da layi. An yaba wa tsarin da rage cusa ƙuri'un bogi, amma masu suka sun nuna cewa ma'aikacin gwamnati, da basarake, da duk wanda ke da abin tsoro, sai ya zauna gida maimakon ya tsaya a rana a gan shi bayan hoton wani. Jerin sunayen da ke zauren waya layi ne, har ya fi layi muni. Layin fili yana watsewa da yamma kowa ya tafi gida, wannan kuwa yana nan a aljihun kowa.

Mu malamai ma muna da darasi a gidanmu. Kafin 2004, a ƙauyuka da dama biron iyayen yara naɗi ne: mai gari ya nuna wane da wane, jama'a su ce mun yarda. Shirin Lakwal Don Kowa da ƙasar Japan ta tallafa, wanda ya soma a jahar Tawa a 2004, ya sa zaɓen kwamitin kula da makaranta ta hanyar ƙuri'ar sirri ya zama ginshiƙinsa na farko, kuma a 2007 aka baza tsarin a makarantun firamare na ƙasa baki ɗaya. Iyayen da ba su iya karatu ba sun koyi shiga bayan labule su jefa abin da ke ransu. Abin kunya ne a ce mu da muka koya musu wannan mu ne yau muke mayar da ƙungiyoyinmu ga ɗaga hannu, don kawai hannun ya koma kan gilashin waya.

Amsa ga masu kare tsarin

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce tsoron maguɗi, kuma ban raina ta ba. Mun tuna watan Yuli na 1996, lokacin da aka rusa hukumar zaɓe mai zaman kanta ana tsakiyar tattara sakamako, aka naɗa wata ta bayyana wanda ya ci. Wanda ya ga wannan dole ya ji tsoron duk ƙidayar da ake yi a bayan ƙofa. Amma a nan an haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Jefawa daban, ƙirgawa daban. Tsarin da muka sani a rumfunanmu shi ne a jefa a ɓoye, a ƙirga a fili: a rufe zaɓe, a buɗe akwati nan take gaban wakilan ƴan takara, a ɗaga kowace takarda a hasken fitila, kowa ya sa hannu ya karɓi kwafinsa. Abin da 1996 ta koya mana shi ne kada a ɗauke ƙidaya daga idon jama'a. Ba ta ce a tone cikin mai zaɓe ba.

Sannan wa ya ce zauren waya ya tsira daga maguɗi? A nan bakin iyaka mutum nawa ne ke da layin Nijar, da na Benin, da na Najeriya? Mai lamba uku a zaure yana da ƙuri'a uku. Mai kula da zaure yana iya shigo da wanda ya so daren zaɓe, ya fitar da wanda ya so. Ba a tantance wanda ya biya kuɗin ƙungiya da wanda bai biya ba. Dattijon da ke da ƙaramar waya marar intanet, wanda watakila shi ya kafa ƙungiyar, an cire shi ba tare da an faɗa masa ba. Kuma idan ba a tsayar da lokacin rufewa ba, sai mai kula da zaure ya jira sa'ar da nasa ke gaba ya ce an rufe.

Wasu kuma suna cewa ai akwai masu tausayi, waɗanda idan sun ga mutum yana baya sai su ba shi ƙuri'a don kada ya ji kunya, saboda haka abin yana daidaituwa. Wannan hujja tawa ce, ba tasu ba. Wanda ya zaɓi mutum don yana baya, da wanda ya zaɓe shi don yana gaba, duk adadi suka zaɓa. Babu ɗayansu da ya tambayi kansa wa zai fi riƙe amanar asusu.

Akwai masu cewa al'adarmu ce shawara a fili, ƙuri'ar sirri baƙuwa ce. To, a zaman shawara na gargajiya magana ake yi. Mutum yana kawo dalili, wani ya amsa masa, dattawa su auna, a lallashi wanda bai samu ba, a tashi da addu'a. Abin da ke zauren waya adadi ne tsirara, ba dalili ba lallashi. Ya ɗauko nauyin idon jama'a daga gargajiya ya bar hikimarta. Kuma mu faɗi gaskiya, ko a wancan zama mata da matasa sukan haɗiye maganarsu. Bahaushe da ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya san darajar sirri tun kafin Bature ya kawo akwati.

Wasu za su ce to a ɓoye sunaye a bar adadi, kamar yadda Telegram ke yi tun 2018, inda ba a ganin sunan kowa, kuma mutum ba ya ganin adadi sai ya jefa tasa. Wannan ya rage rabin cutar. Amma wanda ya jefa da safe zai ɗauki hoton adadin ya watsa, mu koma gidan jiya. Mutanen Gwadalup ba a ga sunayensu ba, adadi kawai suka ji, kuma ya ishe shi ya zaunar da su gida.

Abin da ya kamata mu yi

Rigakafi ya fi magani, kuma maganin nan ba ya da tsada. Kowace ƙungiya ta rubuta a dokarta ta cikin gida cewa zaɓen biro na sirri ne, kuma ba a bayyana adadin kowane ɗan takara sai an rufe. A naɗa kwamitin zaɓe na mutum uku ko biyar waɗanda ba sa takara. A fitar da jerin masu ikon zaɓe mako biyu kafin ranar, suna ɗaya ƙuri'a ɗaya, domin mai ƙorafi ya yi tun da wuri. A gida a ajiye akwati. A duk garin da membobi ke da yawa, Yamai ne ko Kwatano, su ma su ajiye nasu, ko da kwali ne da aka liƙe, a rana ɗaya da sa'o'i ɗaya. Mun ma yi sa'a, agogon Nijar da Benin da Najeriya ɗaya ne. Idan lokaci ya cika, kowane wuri ya ƙirga gaban wakilan ƴan takara, a rubuta, a sa hannu. A nan ne waya za ta yi amfaninta: a ɗauki hoton takardar sakamako a tura zaure, kowa ya haɗa lissafi da kansa. Wanda ke shi kaɗai a wata ƙasa ya aiko da ƙuri'arsa ga kwamiti, wanda ya yi alkawarin riƙe sirri, ko a yi amfani da manhajar da ke rufe adadi har ƙarshe. Idan ana son zaburar da jama'a, a riƙa faɗin mutum nawa suka jefa, ba tare da faɗin wa suka jefa wa ba.

Ita kuwa hanyar jin ra'ayi ta WhatsApp, a bar ta inda ta dace: wace rana za a yi taro, wane zane za a ɗinka na anko, a wane gari za a yi bikin shekara. A irin waɗannan tambayoyi bin rinjaye shi ne ma abin da ake nema, kuma ba wanda zai ƙullaci ɗan'uwansa a kansu.

Ƴan'uwa malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, a aji ba ma yarda yaro ya leƙa takardar maƙwabcinsa ranar jarrabawa, domin mun san idan ya leƙa, makin da za mu ba shi ba nasa ba ne. Wannan ƙa'ida ita ce ta zaɓe. Shugaban da ya hau ta hanyar bi yarima a sha kiɗa bai san adadin masu sonsa na gaskiya ba, kuma ranar da ya nemi gudunmawar aikin gayya zai tarar da yawa daga masu dangwala masa ba su fito ba. Wanda ya sha kaye kuma yana riƙe da jerin waɗanda suka ƙi shi, dangi da abokai, suna bayan suna. Ƙungiyar da aka kafa don zumunci ba ta iya ɗaukar wannan kaya sau biyu. Kafin wa'adin bironku ya cika, ku sa wannan magana a jerin abubuwan tattaunawa na babban taro, ku yanke ta tun babu ɗan takara a fili, domin idan takara ta buɗe kowa zai auna dokar ne da abin da za ta amfana masa. Allah ya sa mu gyara.